Hutun yara: a hau jirgi a fita waje, ko a kai su gida, ko bakin bahar ya isa?

Maman Hanan (Jidda): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Hutun makaranta ya gabato, Abban Hanan ya ce bana Allah ya hore masa ɗan abin da ya tara, yana so ya fita da mu waje, ko Turkiyya ko Malesiya, yara su ma su samu abin faɗa idan an koma aji. Ni kuma na ce in dai har za a biya kuɗin jirgi to a kai su Kano, tunda babbar shekararta 12 ba ta taɓa taka Najeriya ba, kakarta ta wajen uba a waya kawai take ganin ta. In kuɗin ba zai kai ba, mu zauna mu riƙa fita kurnish, wato wurin shan iska na bakin teku a nan Jidda. Sai ya ce wai kurnish ba hutu ba ne. Maganar nan ta tsaya min a rai, don mu da muka taso a unguwar Karantina ba mu san wani hutu ba bayan shi. Me kuka gani?

'Yar Sabil: Wa alaikumus salam. Yaya, ki ce wa Abban Hanan ya janye wannan magana. Lokacin da ƙarshen mako yake Alhamis da Juma'a, kafin a mayar da shi Juma'a da Asabar a 2013, tun daren Laraba gidanmu ke rikicewa. Umma ta dafa shinkafa da wake a babbar tukunya, a ɗaure ta da zane don kada murfin ya zame, a cika fulas biyu da shayi mai na'ana'a. Maƙwabcinmu yana da a-kori-kura, gida uku muke shiga bayanta, manya a gefe, mu yara a tsakiya a kan naɗaɗɗiyar darduma. Ana isa sai a nemi wurin da ake hango fawwarar Sarki Fahad, wadda ke cilla ruwa sama da mita 300, a shimfiɗa. In iska ta juyo har raɓar ruwan gishirin kakan ji a fuskarka. Riyal ɗaya Abba ke ba kowannenmu, kuma a nan ake babbar shawara: balila (dafaffen waken hummus) mai ruwan tsami da kokwamba za ka saya, ko gasasshiyar masara, ko ku haɗa kuɗi ku hau raƙumi a zaga da ku? Ba mu komawa gida sai dare ya raba, a ɗauko ƙanana suna barci, yashi cike da kunnuwansu.

Yau kurnish ya fi da kyau nesa ba kusa ba, tun gyaran da aka buɗe a 2017 akwai wurin wasan yara da banɗaki da komai. Abin da babu shi ne gida ukun nan. Tunda aka fara rusau a ƙarshen 2021 aka shafe Sabil da Karantina da Gulel da Bitrumin, unguwanni sama da 60, kowa ya kama gabansa. Maƙwabcin mai motar yana Bahra, wasu sun koma Makka, wasu sun tattara sun tafi gida gaba ɗaya. Na bi ta wajen da mota, wallahi ban iya gane inda ƙofar gidanmu take ba.

Abu Yasir (Riyad): Hajiya, ni ina bayan maigidanki, kuma ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mu da muka ji daɗin kurnish mun ji ne saboda kowa a layinmu iyakarsa ke nan. Yaran yanzu da 'ya'yan da aka kai Dubai da Istanbul suke zama a aji. Malami ya ce kowa ya faɗi inda ya je hutu, ɗanki ya sunkuyar da kai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar yaro. Na kai iyalina Tarabzun ta Turkiyya, a gaɓar Baƙin Teku. A tsakiyar watan Yuli, lokacin da Riyad ke ƙuna, can sai da rigar sanyi. Mun hau har tafkin Uzungol, duwatsu kore shar, hazo yana saukowa har kan rufin gidaje, gonakin shayi a jikin tsauni ta wajen Rize. Ƙaramin ɗana ya tsaya cikin ruwan sama ya ƙi shiga mota. Tun daga nan ya kamu da son taswira, yanzu babu ƙasar da ba zai nuna miki ba. Tafiya mabuɗin ilimi, ba mu muka fara faɗa ba.

'Yar Sabil: Malam Abu Yasir, ruwan sama da kore ai akwai su a Kano a watan Agusta, har da kaka a haɗe.

Abu Yasir (Riyad): Zan dawo kan Kano, Hajiya, ba na gudun maganar.

Ɗan Maiwurno: Ku ba mu wuri mu ma mutanen Sudan. Mu namu bahar ɗin kogi ne. Maiwurno tana bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan, garin da Sarkin Musulmi Attahiru bai kai ba saboda ya yi shahada a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙaraso da jama'a suka kafa shi. A bakin kogin nan muka koyi komai: iyo, ɗana ƙugiya, tuƙa kwalekwale zuwa ƙetare wajen Shehu Talha. Da damina in ruwa ya cika ya zama ja saboda laka daga Habasha, iyaye su hana mu kusantar sa. In ya janye sai a shuka tumatir da kankana a gaɓar da ya bari. Babban yawonmu na Sallah shi ne a kai mu madatsar ruwan Sinnar, wadda aka gama a 1925, mu tsaya muna kallon ruwa na fita ta ƙofofi da ƙara.

Teku kuwa sai da kawuna ya aiko a kai ni Bur Sudan hutu. A bas muka tafi, ta Madani, Gadarif, Kasala. A Kasala aka tsaya, na ga duwatsun Taka a tsaye santal-santal a bayan gari, muka sha jabana, wato gahawa, mai citta a ƙananan kofuna. Daga Haya zuwa Sinkat, sai gangaren Akaba mai kwana-kwana, mata na ta salati. Da muka sauko fili sai na ga wani shuɗi ya tare gabas gaba ɗaya. Na tambayi kawu ina ɗaya gaɓar, ya ce Jidda ce, kwana ake yi a jirgi kafin a gan ta. Washegari na faɗa ruwan da ido buɗe yadda na saba a gida, gishiri ya shige min ido da hanci, na fito ina kuka. Don haka ni na yarda da Abu Yasir a abu ɗaya: yaro ba ya manta ranar da ya ga abin da bai taɓa gani ba. Inda muka rabu shi ne, ni wajen kawu na je, kuma har ya rasu ina jin shi uba ne saboda wancan hutun.

Haja Ummu Salma (Bur Sudan): Ɗana, ka tuna min da abubuwa. Nan aka haife ni, mahaifinmu masunci ne. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci mukan tafi kasuwar kifi ta Sigala, ka zaɓi kifinka da hannunka, najil ko hamur, a soya maka nan take da barkono da lemun tsami. Da la'asar a wuce bakin ruwa na Kilo. Mu mata da tobinmu muke shiga iya gwiwa, yara maza su yi nisa. Wanda bai sa takalmi ba zai taka dutsen murjani ya yanke, ko ya taka wannan baƙar halitta mai ƙayoyi, a kwana ana cire masa da allura.

Amma wurin da ya fi zauna min shi ne Sawakin, kamar kilomita 60 kudu da mu. Tun da Turawa suka gina Bur Sudan a 1905 jirage suka koma can, Sawakin ta fara mutuwa. Muna yara akwai sauran gidaje masu hawa biyu da uku a tsibirin, na dutsen murjani, da tagogin katako masu sassaƙa irin na Balad, tsohon garin Jidda. Kakata takan riƙe hannuna ta nuna min inda suka zauna jiran jirgin hajji, ta hana mu korar kyanwoyin wurin, ta ce ba a taɓa su. Duk shekara in mun koma sai mu tarar wani bango ya zube. Turkawa sun gyara masallatan Hanafi da Shafi'i, yawancin sauran kuwa tarin duwatsu ne.

Yanzu maganar hutu ta fita daga bakinmu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 garin ya cika da 'yan gudun hijira, makarantu sun zama masauki. Na ga mutanen Khartum suna kwana a bakin tasha suna jiran jirgin da zai tsallaka da su Jidda, a daidai inda muke zuwa shan iska. Sai kuma madatsar Arba'at da muke sha daga gare ta ta ɓalle a Agustan 2024, ruwan sha ya zama abin nema. 'Yata Maman Hanan, shawarata ki kai su wajen kakarsu tun hanya tana buɗe. Mu nan akwai waɗanda suka yi ta cewa baɗi za mu kai yara Sinnar, baɗi za mu kai su Damazin, har hanyar ta rufe.

Maman Hanan (Jidda): Allah ya kawo muku sauƙi, Haja, ya kashe wutar nan. Jikina ya yi sanyi.

Ɗan Maiwurno: Amin. Haja, Allah ya saka. Iyayena ma sai da suka bar gida lokacin da faɗa ya iso Sinja a 2024.

Baba Alhaji (Shara Mansur, Makka): Jikana ne ke rubuta min. 'Ya'yana, ina jin ku. Iyayenmu daga ƙasar Haɗeja suka taso da niyyar hajji, a ƙafa da jaki, wani wuri a samu babbar mota. Fort Lami (Njamena ta yanzu), Abeshe, Adire, Jinena, Fashir, Ubayyid. In guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko a tsinci auduga a Jazira, a tara, a ƙara gaba. A hanyar aka haife ni, a Gadarif. Zamanin Sarki Sa'udu muka tsallako daga Sawakin, ina yaro. Abin da na riƙe shi ne amai, da Inna ta ɗaure ni a jikinta da zane don kada in zame, da kuma asubahin da mutane suka miƙe suna kabbara an hango fararen gidajen Jidda.

Ba mu san wani abu wai shi hutu ba. In an samu sarari, Baba ya kai mu Jidda mu tsaya bayan shingen tsohon filin jirgi na Kandara mu kalli jirage, kafin a buɗe sabon a 1981. Da zafi in Allah ya sa an samu mota a hau Ɗa'ifa a sha iska a ci barshumi, wani ɗan itace mai ƙaya. Ni ban ga Haɗeja ba sai da na yi furfura. Na je na tarar duk wanda ya san mahaifina ya rasu, sai wata tsohuwa guda, ita ta nuna min kangon gidan. Ba na hana kowa zuwa Turkiyya, halal ne. Amma tsohuwar da ke Kano ba za ta jira ku ba.

Malama Ummu Abdallah (Madina): Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni na yi abin da Maman Hanan ke son yi, bari in faɗi yadda ta kasance, daɗi da rashinsa. Ku sani, ga yaran da aka haifa a nan, Kano ita ce ƙasar waje. Awa huɗu da wani abu a jirgi daga Jidda, amma suna sauka komai baƙo ne. Satin farko kuka suka yi ta yi. An ɗauke wuta, babu na'urar sanyaya ɗaki, sauro, ga yaran gida suna dariyar Hausarsu suna kiran su 'yan Makka. Babbar ta rufe bakinta ta daina magana sai da ni, da Larabci. Na shiga damuwa ƙwarai.

Abin da ya sauya ta shi ne wata yamma da hadari ya haɗo. Garin ya yi duhu, iska ta taso, yaran gidan suka fice tsakar gida suna tsalle. Kakarsu ta ce mata je ki. Ta fita da abayarta, ruwa ya sauko, ta tsaya ƙarƙashin indararo tare da 'yar gwaggonta suna ihu. Daga ranar ta shige cikinsu. Kakar ta koya mata tuƙa tuwo da murza kuka, aka kai su Dutsen Dala suka hango gari, aka shiga Kasuwar Kurmi ta zaɓi ƙaramin kwando da kanta. Ranar dawowa a filin jirgi sai da aka ɓamɓare ta daga jikin tsohuwar. Yanzu duk Juma'a ita ke cewa a kira Kano, kuma da Hausa take magana. Kakar ta rasu bara. Da na biye wa masu cewa a bari su ƙara girma, da ba su san juna ba.

Abu Yasir (Riyad): Allah ya jiƙanta. To ga maganar Kano da na ce zan dawo kanta. Malama ba ki faɗi kuɗin ba. Wanda ya je Turkiyya tikiti da masauki da abinci zai biya, ya san iyakar abin. Wanda ya fito daga Saudiyya ya je gida kuwa, kafin ya tashi sai ya cika akwatuna da dabino da jallabiyoyi da abayoyi da turare da zamzam, kowa da sunansa. Ya isa, wannan kuɗin makaranta, wancan asibiti, wancan jari. Ba laifinsu ba ne, rayuwa ta yi tsanani, kuma suna ganin duk wanda ke ƙasa mai tsarki a kan kuɗi yake kwana. Amma magidanci ya dawo da bashi, bai huta ba ko na yini. Ga zazzaɓin cizon sauro, wanda yaranmu ba su da garkuwarsa tunda ba su taso da shi ba, yana iya kayar da yaro cikin kwana biyu. Zumunci wajibi ne, na yarda. Ku dai kira shi zumunci, hutu kuma a bar shi da sunansa. Mutum yana da haƙƙin ya zauna da matarsa da 'ya'yansa a wurin da babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Malama Ummu Abdallah (Madina): Maganar tsaraba gaskiya ce, ba zan musa ba. Ni tun kafin mu tashi na gaya wa yayata cewa yara na kawo, ba kaya ba. Wasu sun ji haushi, suka huce. Zazzaɓi kuma ana zuwa wajen likita tun a nan ya rubuta maganin kariya, a kwana cikin gidan sauro, in jiki ya yi zafi a tafi gwaji a ranar, kada a ce a bari a gani.

Wata 'yar uwa (Jidda): Ina karantawa tun ɗazu, na rasa ta inda zan shiga. Ku masu zaɓi tsakanin Turkiyya da Kano ku gode wa Allah. Tunda aka sa wa baƙi harajin iyali a 2017, daga riyal 100 a wata kan kowane mutum har ya kai 400 a 2020, maigidana ya kasa sabunta mana igama, takardar izinin zama. 'Ya'yana huɗu. Ko Ɗa'ifa ba ma iya zuwa saboda shingayen bincike a hanya. In mun fita ƙasar kuma babu dawowa, alhali ni da su duk nan aka haife mu. Da muna tsohuwar unguwa ko ba komai maƙwabta na ɗaukar yaran su kai su bakin ruwa. Inda muka koma bayan rusau ban san kowa ba, ba mu da mota. Ƙaramar ba ta taɓa taka yashin teku ba, kuma a Jidda take.

'Yar Sabil: Innalillahi. 'Yar uwa, ki yi min magana ta gefe yanzun nan. Motarmu tana da wuri, Juma'ar nan bayan la'asar za mu fita bakin teku na Abhur, zan biyo in ɗauke ku. Kada ki dafa komai.

Maman Hanan (Jidda): Ni ma da mu, shayi da balila a kaina.

Abu Yasir (Riyad): Allah ya ba ku lada. 'Yar uwa, Allah ya warware muku. Ku da za ku fita, don Allah ku tsaya inda aka keɓe don wanka, mai masu ceto. Tekun nan yana da yaudara, za ka yi ta tafiya ruwa iya gwiwa a kan murjani, taku ɗaya gaba sai zurfi. Musamman masu zuwa bakin tekun Shu'aiba su kwana, can babu kowa kusa in wani abu ya faru.

Kawu Direba (Jidda): Na yi shekaru ina jigila a hanyar kudu, bari in sa baki. Ga wanda takardunsa ke daidai amma aljihu bai kai jirgi ba, akwai Baha da Abha, a duwatsun kudancin Saudiyya. Ba biza, ba izinin fita da dawowa. Dutsen Suda ya kusa mita 3,000, da rani ma hazo ne da yayyafi, yara za su ga birai a bakin titi. Mai son teku mai tsabta ya yi arewa, Yanbu ko Umluj. A duba birki kafin a hau dutse, a sauko da ƙaramin giya. Ban ce ya maye gurbin kaka ba, na dai ce Abban Hanan zai samu korensa ba tare da ya bi layin biza ba, don da fasfon Najeriya ko Turkiyya ko Malesiya sai an nema.

Maman Hanan (Jidda): Na karanta wa Abban Hanan duka, tun daga kan Haja har zuwa Kawu. Da na zo maganar Baba ya yi shiru, mahaifiyarsa ce ai. Ya ce Kano bana, amma da sharaɗin ba zai wuce akwati biyu na tsaraba ba, kuma Turkiyya tana nan bai fasa ba. Malama, me ake buƙata na takardu ga yara?

Malama Ummu Abdallah (Madina): Ki fara duba fasfo ɗin kowa, kada ya kasance ya kusa ƙarewa. Igama ta zama tana da sauran kwanaki da za su rufe tafiyar har da ƙari, sannan Abbansu ya fitar musu da izinin fita da dawowa ta Absher, manhajar gwamnati, ya sa kwanaki fiye da waɗanda kuka yi niyya saboda jirgi kan ɗaga. Allurar shawara dole ce, ku riƙe katin mai ruwan ɗorawa a jakar hannu, ana tambaya. A yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya.

Abu Yasir (Riyad): Akwati biyu ba za su tsaya biyu ba, Hajiya, ki gaya masa ya ware kuɗin na uku tun yanzu. Kuma ku sayi tikiti da wuri, da an shiga hutu farashi ke tashi.

Ɗan Maiwurno: Haja Ummu Salma, tunda ana maganar hanya: jirgin ruwan Jidda zuwa Sawakin yana tafiya yanzu? Ina so in kai wa iyayena magani da kaina, kaya sun fi ƙarfin jirgin sama.

Haja Ummu Salma (Bur Sudan): Yana zuwa, ɗana, kwana ɗaya ne a ruwa kamar da. Sai dai ranar tashi takan sauya, ka tabbatar a ofishin tikiti kafin ka ɗaure kaya. Maganin ka bar shi cikin kwalayensa, ka riƙe takardar likita. In ka sauka ka kira ni, ɗana zai zo Sawakin ya ɗauko ka, ka kwana a wajenmu kafin ka nemi motar Gadarif.